Kalma Ɗaya Na Ƙara a Enum, Aikin Kamfani Ya Tsaya Cak

Assalamu alaikum Malam. Ni mai rubuta manhaja ce, wata bakwai ke nan da na fara aiki a wani kamfanin kai kaya a Kano. Da Java muke aiki, saƙonninmu kuma suna bi ta Kafka, manhajar da ke kai saƙo tsakanin manhajoji, a ƙunshe a wani tsari mai suna Avro. Ba ma rubuta sikima, wato bayanin fasalin saƙo, da hannu. Duk lokacin da aka haɗa manhajar, akwai wani ɗan kod da ke leƙa kilas ɗinmu, wato fasalin bayanan da muka rubuta a Java, ya fitar da sikimar da kansa, ya kai ta rajista, inda ake ajiye sikimomi ana duba jituwarsu. A kilas ɗin kaya akwai enum, wato ƙayyadadden jerin kalmomi, mai suna Matsayi, mai kalmomi huɗu: AN_KARBA, A_HANYA, AN_ISAR, AN_SOKE. Ranar Alhamis aka ce in ƙara matsayin kayan da mai saye ya ƙi karɓa, sai na sa AN_MAYAR tsakanin AN_ISAR da AN_SOKE, don a nan na ga ya dace. Gwaje-gwaje duk suka wuce, rajista ta karɓa, wanda ya duba min aikin ya amince. Da daddare manhajar sashen kuɗi ta tsaya, tana ta maimaita "No match for AN_MAYAR". Da safe kuma aka ga tsofaffin odar da aka soke suna nuna wai an mayar da su. Oga ya faɗa a gaban kowa cewa yaran yanzu ba sa lura. Tun ranar barci ya ƙaurace min. Wani abokin aikina ya ce mu bar enum mu koma rubutu zalla, wani ya ce mu koma Protobuf, wani tsarin ƙunshe saƙo daban da Avro. Ranar Litinin za a zauna kan maganar. Laifina ne? Me zan ce?

Daga wata 'yar'uwa a Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da wannan dare, Allah ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Tun da kin tambaya kai tsaye, ni ma ba zan yi miki kwana-kwana ba. Kina da naki kason, amma ƙarami ne, kuma ba shi ne wanda oga yake zato ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tsarin da zai bar ma'aikaciyar wata bakwai ta sauya yarjejeniyar da ke tsakanin sassa biyu na kamfani ta hanyar ƙara layi ɗaya, ba tare da wani abu ya yi ƙara ba, tarko ne da aka ɗana tun kafin ki zo. Ke dai ƙafarki ce ta fara faɗawa. Sai dai kada ki shiga zaman Litinin da wannan maganar a bakinki. Ki shiga da bayanin abin da ya faru, domin abubuwa biyu ne daban suka lalace, kuma ina kyautata zaton a ofishinku ana ɗaukar su abu guda.

Mu fara da yadda Avro ke ajiye enum. A cikin sikima, wadda da JSON ake rubuta ta, enum suna ne da jerin kalmomi. Amma idan aka zo ƙunshe saƙo zuwa bayit, ba kalmar ake rubutawa ba, gurbinta a jerin ake rubutawa, ana ƙirgawa daga sifili. A tsohon jerinku AN_KARBA ita ce 0, A_HANYA 1, AN_ISAR 2, AN_SOKE 3. Bayit ɗaya tak ya ɗauki wannan, abin da ya sa saƙonnin Avro ba su da nauyi ke nan. Illar ita ce lamba 3 ba ta da ma'anar kanta. Sai an san da wace sikima aka rubuta ta. Shi ya sa tun da Doug Cutting ya ƙirƙiro Avro a 2009 a ƙarƙashin aikin Hadoop, ƙa'idarsa ita ce mai karatu ya riƙe sikima biyu: wadda aka rubuta saƙon da ita, da tasa. Zai duba lambar a sikimar mai rubutu, ya samo kalmar, sannan ya nemi kalmar da sunanta a tasa sikimar. A Kafka, idan ana aiki da rajistar sikima ta kamfanin Confluent, kowane saƙo yana ɗauke da bayit biyar a gabansa, ɗaya alama, huɗu kuma lambar sikimar da aka rubuta shi da ita. Da wannan lambar mai karatu ke zuwa rajista ya karɓo sikimar.

To, manhajar sashen kuɗi ta yi daidai abin da aka tsara ta yi. Ta ga 3, ta duba sabuwar sikimarku ta ga AN_MAYAR, ta nema a nata jerin mai kalmomi huɗu ba ta samu ba, ba a kuma faɗa mata abin da za ta yi da baƙuwar kalma ba, sai ta jefa kuskure. Dalilin da ya sa sai da dare abin ya fashe shi ne, Avro na Java ba ya ƙorafi don kawai sikimomin sun bambanta. Yana jira sai saƙon farko mai ɗauke da baƙuwar kalmar ya iso. Wato sai da direba na farko ya dawo da kayan da aka ƙi karɓa. Daga nan manhajar ta maƙale a kan wannan saƙon, ta gwada ta faɗi, ta sake gwadawa ta faɗi, sauran saƙonni suka yi layi a baya. Ki lura, ko da a ƙarshen jerin kika sa AN_MAYAR, wannan matsalar sai ta faru. Wurin da kika sa ta bai shafi wannan ba ko kaɗan.

Za ki ce, ai rajista ta karɓa. Ta karɓa, kuma ba ta yi ƙarya ba, tambayar da ta amsa ce daban da wadda ke ranki. Matakin da rajistar Confluent ke zuwa da shi idan ba a taɓa ba shi ne BACKWARD, kuma abin da yake tambaya ɗaya ne: sabuwar sikima za ta iya karanta tsofaffin saƙonni? Amsa a nan i ce, domin sabon jerin ya ƙunshi duk tsofaffin kalmomin. Bai tambayi ko tsohon mai karatu zai iya karanta sababbin saƙonni ba. Sharaɗin da ke tattare da BACKWARD shi ne a fara sabunta masu karatu, sannan mai aikawa. Ku kun yi akasin haka. Idan wannan sharaɗin a rubuce yake a wani wuri a kamfaninku kuma ba ki karanta ba, ki ɗauki laifin. Idan babu inda aka rubuta shi, kuma wanda ya duba miki aikin shi ma bai sani ba, to ba rashin lurar yara ba ne.

Wani abin kwantar da hankali: saƙonnin da suka yi layi ba su ɓata ba. Kafka na riƙe saƙo kwana bakwai idan ba a sauya lissafin ba. Ki tambayi mai kula da shi kwana nawa aka sa a naku, ki tabbata sashen kuɗi ya karanta duk abin da ya taru kafin wa'adin ya cika.

Matsala ta biyu ce ta fi damuna, domin ita ba ta yi ihu ba. Odar da aka soke tana nuna an mayar, wato a wani wuri an ajiye lamba 3 ba tare da sikimarta ba, yanzu kuma ana fassara ta da sabon jeri, inda 3 ta zama AN_MAYAR, AN_SOKE ta koma 4. Wurare biyu nake zargi. Na farko rumbun bayanai: idan da JPA ko Hibernate, kayan Java na ajiya a rumbu, kuke ajiye kilas ɗin, kuma ba a sa EnumType.STRING mai ajiye sunan kalmar ba, to gurbin kalmar ake ajiyewa, domin ORDINAL shi ne abin da ake samu idan ba a zaɓa ba. Na biyu, wani ya ajiye bayit ɗin Avro tsirara a wata ma'ajiya, yana karanta su da sikima ɗaya kawai, wadda ke hannunsa a ranar. Buɗe teburin ki gani. Idan ginshiƙin matsayi lambobi ne, kin kama ɓarawon. A nan ne kasonki yake: sa kalmar a tsakiya. Kuskure ne da kusan duk mai rubuta Java ya taɓa yi ko ya kusa yi, amma kuskure ne.

Yanzu ki saurare ni da kyau, don nan ne ake garin gyaran gira a rasa ido. Abin da zuciya za ta raya miki shi ne ki mayar da AN_MAYAR ƙarshen jerin, shi ke nan. Haka za a yi daga ƙarshe, amma idan kika yi shi kaɗai, kin gyara tsofaffin layuka kin ɓata sababbi. Daga sakin sabuwar manhajar ranar Alhamis zuwa yau, duk 3 da aka rubuta tana nufin an mayar, duk 4 tana nufin an soke. Kafin nan, 3 tana nufin an soke. Teburinku yanzu yana ɗauke da ukku iri biyu masu kama ɗaya, kuma babu abin da zai raba su sai lokacin da aka rubuta matsayin. Don haka a fara ɗaukar kwafin teburin. A samo ainihin mintin da aka saki sabuwar manhajar. A ware layukan da aka sauya matsayinsu bayan wannan mintin, a musanya musu 3 da 4, a daidai lokacin da ake sakin gyararren jerin. Idan babu ginshiƙin da ke nuna lokacin sauyi, saƙonnin Kafka na kwanakin nan su ne shaidarku, domin su suna ɗauke da lambar sikimarsu. Kada ki yi wannan aikin ke kaɗai da tsakar dare don ki wanke kanki. Ki rubuta matakan, babba ya gani, ku yi tare. Bayan ƙura ta lafa sai a mayar da ginshiƙin ya riƙa ajiye suna.

Mu zo ga tushen, wanda shi nake so ki kai zaman. Sikima yarjejeniya ce tsakanin wanda ke aika saƙo da duk masu karanta shi. Kilas kuwa kayan cikin gida ne, mai shi yana da ikon juya shi yadda ya ga dama. Da kuka ce sikima ta riƙa fitowa daga kilas a kowane haɗi, kun ɗaura yarjejeniyar a ƙugun abin da kowa ke taɓawa kullum. Kayan aikin da ke wannan fitarwar, irin ReflectData na Avro, leƙa kilas kawai yake yi ya kwafe abin da ya gani. Ya ga kalmomi biyar, ya rubuta biyar, a jerin da ya same su. Bai san sashen kuɗi ba, bai san tarihin jiya ba. A kan gurbi mai lamba ko mai rubutu, a nan ina nufin gurbin da ake zuba bayani a cikin saƙo, abin bai cika yin muni ba. A kan enum yana yi, domin enum rufaffen jeri ne: alkawari ne cewa ba za a taɓa ganin wata kalma bayan waɗannan ba, kuma harkar kasuwanci ba ta taɓa cika irin wannan alkawarin.

Ƙarin kalma ma shi ne mai sauƙi. Gobe wani zai ga AN_KARBA bai yi masa daɗi ba, ya danna maɓallin sauya suna a IntelliJ, manhajar rubuta kod, kod ɗin Java duk ya gyaru lafiya lau. A wajen Avro kuwa an goge kalma ɗaya an kawo wata. Avro yana da hanyar laƙabi ga sunan rikod, wato tarin gurabe, da sunan gurbi, amma kalmomin cikin enum ba su da ita. Wani kuma mai kishin harshe zai rubuta AN_KARƁA da ɓ mai lanƙwasa, Java ta yarda, domin tana karɓar haruffan duniya a sunaye. Ƙa'idar Avro kuwa ta ce kalmar enum ta ƙunshi A zuwa Z manya da ƙanana, da lambobi, da layin ƙasa, kada kuma ta fara da lamba. Laburaren Java yana da sassauci a nan, yakan bari ta wuce, sai ranar da wani ya zo karantawa da wani yaren manhaja mai tsanani ya ƙi. Ni da nake faɗa da mutane kan su riƙa rubuta ƙ da ɗ daidai, a wannan wurin kaɗai nake cewa a haƙura. Haka nan idan enum ɗinku yana ɗauke da ƙarin bayani a cikin Java, kamar lambar sirri ko sunan da ake nuna wa mai saye, babu ko ɗaya da ke shiga sikimar. Sunayen kawai ke tafiya.

Abin da zan ba ku shawara ba shi da tsada. Ku fitar da sikimar sau ɗaya, ku ajiye ta a fayil mai ƙarshen avsc a cikin Git, inda ake ajiye kod da tarihin sauyinsa, daga yau ita ce uwa. A juya alƙiblar: avro-maven-plugin ya riƙa haifar da kilas daga sikimar, ba sikima daga kilas ba. Duk mai son ƙara kalma dole ya taɓa wannan fayil, kuma duk wanda ya taɓa shi sai wani daga masu karatu ya sa hannu. Idan manyanku sun ce sauyin ya yi yawa a yanzu, akwai rabin hanya: a ci gaba da fitarwa daga kilas, amma a rubuta gwaji ɗaya da zai kwatanta abin da ya fito da fayil ɗin da aka ajiye, ya faɗi idan sun saɓa. Avro ma yana da SchemaCompatibility, wanda za ki ba shi tsohuwar sikima a matsayin mai karatu, sabuwa a matsayin mai rubutu, ya faɗa miki ko za su jitu. Da wannan gwajin yana nan ranar Alhamis, da a kan kwamfutarki abin ya tsaya, kafin la'asar. Ki rubuta shi kafin Litinin. Bai wuce layi ashirin ba.

Sai mafaka. Tun daga Avro 1.9, wanda ya fito a 2019, enum na iya ɗaukar default nasa na kansa: kalmar da mai karatu zai koma gare ta idan ya haɗu da wadda bai sani ba. Ku ƙara kalma irin BA_A_SANI_BA, a ƙarshen jerin saboda abin da ya same ku, ku ce ita ce mafakar, kada kuma mai aikawa ya taɓa rubuta ta. Mutane suna rikita wannan da default na gurbi, alhali aikinsu daban. Na gurbi yana aiki ne idan gurbin gaba ɗaya babu shi a sikimar mai rubutu. Na enum, wanda ake rubutawa a cikin bayanin enum ɗin kansa, shi ne ke tarar baƙuwar kalma. Kuma a sikimar mai karatu yake aiki, don haka sa shi a wajenku bai tsinana wa sashen kuɗi komai ba sai sun ɗauki sabuwar sikimar, kuma laburarensu ya kai 1.9. Bayan kowa ya ɗauka, sai a ɗaga rajistar zuwa FULL, mai duba ɓangarorin biyu. Kada ku yi gaggawar zaɓar FULL_TRANSITIVE, domin shi yana kwatantawa da duk tsofaffin sikimomi, naku na baya kuma ba su da mafaka, zai yi ta ƙin ku.

Mafaka ba ta yanke hukunci, wannan aikin mutane ne. Idan sashen kuɗi ya ga BA_A_SANI_BA, me zai yi? Idan kod ɗinsu ya ce duk abin da ba a soke ba a biya direba, to kun sauya manhajar da ke tsayawa da ihu da wadda ke biyan kuɗi a ɓoye, kuma ta farkon ta fi alheri. A ware irin wannan saƙon gefe, a sanar da mutum. Ki yi musu wannan tambayar a zaman, za ki ga an yi shiru.

Maganar abokan aikinki kuwa, kowanne yana da ɗan gaskiya. Rubutu zalla ba ya karyewa idan an ƙara kalma, kuma ga jerin da ke sauyawa kowane wata, kamar sunayen bankuna ko unguwanni, ni ma shi zan zaɓa. Amma matsayin kaya abu ne da ake yanke hukuncin kuɗi a kansa, kuma ranar da wani ya aiko "an_isar" wani ya aiko "AN ISAR", babu mai tare su. Protobuf ya fi Avro dabara a kan enum, ban musa ba: kowace kalma da lambarta da aka rubuta da hannu, sauya jeri ba ya taɓa ta, a proto3 ta farko dole ta zama sifili, kuma baƙuwar lamba tana isowa Java a matsayin UNRECOGNIZED maimakon ta kayar da manhaja. Sai dai ki lura, a Protobuf fayil ɗin proto ake fara rubutawa, kilas ya biyo baya. Rabin amfanin da abokin naki ke hangowa daga wannan juyin alƙiblar yake, kuma za ku same shi a Avro ba tare da kun sake gina kamfani ba saboda dare ɗaya.

Ranar Litinin ki nemi a ba ki minti biyar tun farkon zama, kafin wani ya ba da labarin a madadinki. Ki fara da naki, a taƙaice, ba tare da rantse-rantse ba: na sa kalmar a tsakiya, ban kuma tambayi su wa ke karanta saƙon ba. Sannan ki nuna musu cewa ɓarna biyu ce, ki nuna teburin da ukkunsa iri biyu, ki buɗe gwajin da kika rubuta ya faɗi a gabansu a kan sauyin Alhamis. Kada ki ambaci sunan wanda ya duba miki aikin, kowa ya san shi, kuma zai riƙe miki wannan. Kada ki ce tsarin da aka gada ne ya jawo, bari gwajin ya faɗa.

Maganar da oga ya yaɓa miki a gaban mutane ba ta dace ba, kuma ba sai kin haɗiye ta har abada ba. Amma ba a zaman za ki tayar da ita ba. Bayan an gyara teburin, sashen kuɗi ya cimma layinsa, ki same shi shi kaɗai ki ce, ranka ya daɗe, na karɓi gyara, sai dai ina roƙon idan na yi kuskure nan gaba a kira ni gefe. A wannan ganawar ki roƙe shi abu ɗaya: a rubuta sunayen duk manhajojin da ke karanta saƙon kaya, da sunan mai kula da kowace, a ajiye takardar kusa da fayil ɗin sikimar.